Na Je Kumasi Neman Dangwale Ɗaya

Asubar fari muka bar Agege, ni da 'yar ƙanwar babata mai safarar atamfa, bayan mun kwana biyu a Legas muna huce gajiyar hanyar Kano. Ita kasuwa ce ta fito da ita. Ni kuwa, jama'a, dangwalen yatsa ɗaya tak na tafi nema a Kumasi, kuma tun kafin direba ya tada mota gabana yake faɗuwa.

Bari in warware muku, don na san wasunku tun bara suke kirana Dakta a nan ina yin kamar ban gani ba. Shekarata bakwai ke nan ina digiri na uku, ban gama ba. Bincikena a kan yayi ne, wato abin da mu a gida muke ce wa anko: zane iri ɗaya da mata ke fitarwa don biki ko suna. Shekara shida da suka wuce na zauna wata uku a Zangon Kumasi ina hira da mata masu sayar da zane, kuma babi biyu cur na kundina a kan bakin tsohuwa ɗaya suke tsaye, Mma Salamatu. A lokacin baki da baki ta yarda, malamina na farko bai ce in sa kowa ya sa hannu a takarda ba. Ya yi ritaya ya koma garinsu. Kwamitin da ya karɓi aikina ya ce duk hirar da ba ta da takardar amincewa, mai sa hannu ko dangwale, a cire ta. Wa'adin da ya rage mini a jami'a wata biyar ne. In aka zare babi biyun nan na tashi a tutar babu, shekara bakwai sun tafi ke nan. Sauran matan na samu nasu ta hannun wata ƙawata da ke can. Mma kuwa cewa ta yi ita ba ta dangwala wa saƙo, mai takarda ta zo da ƙafarta.

Hanyar Badagiri ta girgiza mu son ranta. Wani wuri kwalta sumul, ka ɗan saki jiki, sai mota ta faɗa rami kanka ya gaisa da rufi. A kan iyakar Seme muka sauka muka bi layi, ana duba fasfo da katin rigakafin shawara, rana ta fara dukan ƙeya. Na ba mai canji damin naira mai kauri, ya miƙo mini 'yan sefa da ko tafin hannuna ba su cika ba, har na tsaya ina jiran ciko. Abokiyar tafiyata ta ja ni tana dariya, ta ce, "Taho, Dakta mai jiran gado, shi ke nan fa." Kwatano kuwa garin babura ne, 'yan acaɓarsu duk da riguna ruwan ƙwai, ga fetur jere a bakin titi cikin manyan kwalabe. Muka sayi dogon burodin nan nasu mai ɓawo, aka tsaga aka zuba mana wake da mai a ciki. Ya yi daɗi, amma rabi na iya ci.

Wannan suna da ta kira ni da shi ne ya zauna mini a rai har muka shiga Togo. Mu huɗu muka gama digiri na biyu tare. Ɗaya ya tafi Malesiya, shekara uku da rabi ya dawo da hularsa, yanzu shi ke sa hannu a takardun jarrabawar da nake gyarawa. Ɗaya ta tafi Ingila, babu aji babu komai, ita da malaminta da ɗakin karatu, cikin shekara huɗu ta kammala har da haihuwa a tsakani. Ta ukun Amurka ta je, ta yi shida, amma ita tun ranar farko aka gaya mata: shekara biyu a aji, sai babbar jarrabawa, sannan rubutu. Ta san tsawon hanyarta kafin ta ɗaga ƙafa. Ni da na zauna a gida, takardar shigata cewa ta yi shekara uku. Yajin aiki ya ci nasa, malamina ya tafi hutun shekara ya ci nasa, babi ɗaya ya kwana wata tara a kan tebur ba a buɗe shi ba, ni ma kuma, in faɗi gaskiya, akwai shekarar da ko kallon kundin ban son yi. Ina wannan tunani teku na gefen hagunmu, bishiyoyin kwakwa na wucewa, kafin in farga mun ƙare Togo ɗungurungum. Ƙasar kamar zaure take, ka shiga ta nan ka fita ta can.

Da ƙafa muka tsallaka iyakar Aflawo muka shiga Gana, kaya a ka. Mun isa Ankara dab da magariba, muka sauka a unguwar Nima wajen wata mai ba abokiyar tafiyata kaya. Da safe aka kawo mana koko mai yaji da ƙosai, su kose suke cewa, sai wake da shinkafa a ganye da baƙin yajin nan nasu, shito, wanda ya sa na yi hawaye tun kafin abin kuka ya zo. Ita ta yi sammako kasuwa, ta dawo da ƙunshi a leda tana murmushi, ta ce ta samo abin da zai tada hankalin matan Kano. Ban ko tambaye ta ba, hankalina na kan jakar takarduna.

A babbar motar Kumasi ne ta buɗe mini shafin tsegumi. Ku da kuka san ta kun san ba ta da aiki in ta zauna sai bibiyar masu tallan ado a waya. Wance leshin da ta sa ranar Sallah na aro ne, mai shi ta fito ta tona. Wance motar da take jingina da ita ta wani mai wankin mota ce, ana ba ta minti goma. Wasu biyu sun yi wata guda suna jifan juna da habaici a kan wa ta fara wani ɗaurin ɗankwali mai kama da fanka. Ina jin ta da kunne ɗaya, ga wani mai tallan magani ya miƙe a tsakiyar mota yana zuba Tuwi, yaren Asante, kwalba ɗaya wai tana maganin ciwon baya da mantuwa. Sai ta ce, "Amma duk cikinsu babu kamar Uwar Ɗauri. Kalli abin da ta fitar bana." Uwar Ɗauri wata ce a Ankara da mabiyanta suka sa wa wannan suna, duk abin da ta ɗaura a kai kafin sati ya zagayo ya ƙare a kasuwa.

Ta miƙo mini wayar. Uwar Ɗaurin ce ke juyi cikin wata atamfa shuɗiya mai duhu, da zanen makullai da 'yan tsuntsaye. Ta sa wa zanen suna Sirrin Kaka, tana cewa tsohon zane ne na mutanen da, ita ta tono shi ta sa aka sake bugawa. Sai ta nuna hoton na asalin, a ninke a kan murfin adaka. A gefen zanen akwai rula ruwan ɗorawa, da ɗan kati an rubuta Z-14.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rulata ce. Rubutun hannuna ne, har da yadda nake ja wa zed ɗan layi a ciki.

Na tuna ranar sarai. Mma ta sa an jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta bar ni na ɗauki hoton zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Don littafi kawai, kin ji?" Na ce na ji. Bayan na dawo gida, ranar da na gabatar da aikina a wani taron ƙara wa juna sani aka tafa mini, kaina ya kumbura, na ɗora wannan hoton a shafina don in burge. Ko mutum ashirin ba su kalla ba. Na manta da shi kamar ban taɓa yi ba. Ashe yana nan yana jirana.

Na ce wa abokiyar tafiyata, "Mene ne a ledar nan taki?" Ta buɗe bakin ledar ta nuna mini. Makullai da tsuntsaye, turmi huɗu.

Daga nan ban ƙara jin daɗin hanya ba, ga shi kuwa hanyar mai kyan gani ce. Daji kore shar, gonakin koko, ayaba ko'ina, duwatsu sun tokare sama wajen garin Nkoko inda aka tsaya cin abinci. Mata suka yanyame motar da burodi mai laushi da soyayyar doya da dafaffen ƙwai da yaji. Abokiyar tafiyata ta saya mini, na riƙe a hannu har ya huce. Na gaya mata komai. Ta ce wataƙila tsohuwar ba ta gani ba, tsofaffi ina ruwansu da waya. Na so in yarda. Amma muna shiga Kumasi, a cikin cunkoson motoci kafin mu kai unguwar Aboabo, na ƙirga 'yan mata uku sanye da zanen, ɗaya ta yi doguwar riga, ɗaya siket, ɗaya ma wando aka ɗinka mata.

A Aboabo muka ajiye kaya, na yi wanka na yi la'asar, na ce gara in je yau, in na kwana ƙafata ba za ta kai ni ba. Tasi ta sauke ni a bakin masallaci, na shiga lungun Zango da ƙafa. Wurin yana nan yadda na bar shi: kwata a tsakiyar hanya, mai tsire na fifita wuta, karatun yara na tashi daga wani zaure, teloli sun fito da kekuna bakin ƙofa. Gidan su Mma irin tsohon gidan nan ne mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, famfo ɗaya, murhu ya fi goma. Ana dakan fufu a wannan kusurwa, ana tuƙa tuwo a waccan.

Matan gidan suka gane ni nan take, aka yi ta shewa. "'Yar Kano ya dawo! Dakta ya zo!" Da yawansu haka Hausarsu take, mace da namiji duk ya ne da kai. Na ce a'a, da saura tukuna. Nan fa aka buɗe mini fagen. Wata ta ce ɗan yayarta a Jamus shekara huɗu ya yi, har ya turo hoto an ɗora masa wata hular kwali mai tarkace. Wata ta ce ƙaninta a Masar ya kusa takwas, amma shi da ma ba ya son dawowa. Wata ta ce a nan Gana ma ai huɗu ake cewa, sai dai maƙwabcinsu malamin makaranta ya yi furfura a kai. Sai wata mai goyo ta matso ta ce, "Sista, ka tuna ni? Bikina ka zo ka ɗauki hoto." Amaryar da na halarci bikinta ce. Ta nuna mini 'yarta ta fari da kayan makaranta a jiki, ta biyu na riƙe da zaninta, ga na uku a baya. Na yi dariya tare da su, amma gumi ne ke bin bayana.

Surukar Mma, matar ɗanta wadda ke kula da ita, ta ja ni gefen madafa. Mace ce doguwa, 'yar arewacin Gana, ba ta da wasa. Ta ce mini idon Mma ya tafi shekara biyu ke nan, ko hasken fitila ba ta gani. Sannan ta rage murya ta ce in na shiga kada in kuskura in yi maganar zanen makulli. Na ce wane zane, don Allah ku ji ƙarfin hali. Ta ce zanen da ya cika gari. Yayin bikin 'yar Mma ne, 'yarta mace tilo. Mma da kanta ta zaɓi makulli da tsuntsu, ta sa aka buga shi don wannan biki kaɗai. Ko shekara ba a rufa ba yarinyar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin, aka kai ta maƙabartar Tafo. Tun daga ranar duk matan dangi suka ninke nasu suka ajiye, shekara talatin da wani abu babu wadda ta sake ɗaura shi. Yanzu ga shi a jikin kowace yarinya ana rawa da shi a waya.

"Mun ɓoye masa," in ji ta, tana nufin Mma. "Bai sani ba. Amma wanda ya fitar da hoton nan, wallahi in na kama shi, sai Zango duka ya ji."

Ban taɓa sanin zanen na wata ba ne. A kundina ga abin da na rubuta a ƙarƙashinsa: Z-14, shuɗi, bugun waje, yadi shida.

Ɗakin Mma na ƙanshin turaren wuta da man zafi. Tana zaune a kan gado, ta rame, carbi a hannu. Ita jikar fataken goro ce daga Kano, Hausarta tsaf, har da kalmomin da mu a gida muka daina ji. Na durƙusa na gaishe ta, ta lalubo kaina ta shafa.

"'Yar Kano, kin zo. An zama Daktan?"

"Da saura, Mma."

"Shekara uku kika ce mini."

Na fara kame-kamen yajin aiki da ritaya, ta ɗaga hannu ta ce ta ji, ina takardar. Ban ko roƙa ba. Ta miƙo babban yatsanta na dama, ta ce in kama in kai shi inda ya dace, tunda ita ba ta gani. Surukar na tsaye a bakin ƙofa.

Jama'a, ga abin da na taso tun daga Kano dominsa, a cikin hannuna. Yatsa mara nauyi, da sauran lalle a farce. Na buɗe tawada, na danna shi a kai, ya yi shuɗi. Takardar na kan cinyata. Abin da ya rage bai kai tsawon ɗan yatsa ba, in dangwala, in yi godiya, gobe in hau mota, babu wanda zai taɓa sani. Wallahi na yi niyya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ni ta kirki ce tun farko ba, har na fara sauke hannun nata. Sai na ga yadda ta sakar mini shi gaba ɗaya, ko ɗan ja baya ba ta yi, kamar yaro ya ba uwa hannu a bakin titi. Na tsaya, na bar takardar ta zame ƙasa.

Na ce, "Mma, kafin ki dangwala akwai magana. Hoton zanen makulli, ni na ɗauka. Ni na sa a waya. Kin ce don littafi kawai, na saɓa."

Surukar ta yi salati da ƙarfi. "Kai ne? Kai da muka ba abinci wata uku a gidan nan?" Ta yo kaina, na runtse ido, don na sallama cewa mari ne. Na ji taɓaryar fufu ta tsaya a tsakar gida.

Mma ta kira sunanta sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, surukar ta tsaya cak. Sannan ta zare yatsanta daga hannuna, ta goge tawadar a gefen zaninta a hankali, sai da ta goge tas.

"Na sani," ta ce. "Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Yara na wucewa ta bakin tagar nan suna makulli da tsuntsu, makulli da tsuntsu, kuna tsammani ban ji ba? Adakar nan kuma baƙuwa ɗaya na taɓa buɗe wa. Shi ya sa na ce ki zo da ƙafarki." Ta juya fuska bango. "Tashi ki tafi. Ki dawo gobe da hantsi."

Ban san yadda na fita daga gidan ba. Matan da suka yi mini shewa ɗazu babu wadda ta ce mini sai da safe. Ranar ban runtsa ba, kuma ba kundin kaɗai nake tunani ba, ko da yake shi ma na riga na yi masa ta'aziyya. Abokiyar tafiyata kuwa tun da sassafe ta naɗe turamenta huɗu a cikin zanin gado, ta rungume kamar mai kai mara lafiya asibiti, ta nufi kasuwar Kejetiya ta musanya su da wata atamfa mai ganye. Ta dawo tana cewa an kwashe ta a musayar, amma gara haka da a ce an gan ta da su a Aboabo.

Da hantsi na koma. Na tsaya a bakin masallacin nan ya fi minti goma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da na shiga, surukar ba ta amsa gaisuwata ba, ta dai ɗaga mini labule. Adakar na tsakiyar ɗaki a buɗe, zanen na kan cinyar Mma. Na asalin ya fi na kasuwa nauyi, shuɗinsa kamar ka tsoma hannu.

Ta ce in zauna. Ta ce, "Wancan zuwan kin tambaye ni sunan zanen nan. Kin tambayi inda aka buga shi, da yadi nawa ne, da nawa aka sayar. Kin auna shi da abin awonki. Ina ta jira ki ce na wane ne, ba ki ce ba."

Wata uku ina gidan, da digiri biyu a kaina, tambayar da ko yarinya mai tallan koko za ta fara yi ita ce ban yi ba.

Ta ce in kunna abin ɗaukar maganata. Ta yi kusan awa biyu tana ba ni labarin 'yarta: yadda take cin tuwo da hagu aka yi ta fama da ita, yadda ta iya lissafin yadi tun tana 'yar shekara tara, yadda ita ce mai riƙe makullan shago a ɗaure a bakin zani, kuma ba ta iya wuce mai sayar da tsuntsaye ba ta tsaya ba. Shi ya sa makulli, shi ya sa tsuntsu. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, surukar ma da ke bakin ƙofa na ji tana jan hanci.

Da ta gama ta ce in karanta mata takardar tun daga sama, da Hausa, kada in tsallake komai. Na karanta. Da na zo inda aka ce za a ɓoye sunan duk wanda aka ambata a binciken, ta ce in tsaya.

"A ɓoye? Waccan ta Ankara ta sa masa sunan da ta ga dama. Ke kin sa masa lamba. To ni ga sharaɗina: a ƙarƙashin hoton nan ki rubuta sunan 'yata, da na ubanta, da cewa yayin bikinta ne. A samu wuri ɗaya a duniya da aka faɗi mai shi."

Na ce ƙa'idar makaranta ba ta cika yarda da haka ba. Ta ce to makaranta ta zo ta dangwala. Na ɗauki biro na rubuta sharaɗin da hannuna a ƙasan takardar, na karanta mata sau biyu, surukar ta karɓa ta duba ta sa hannu a matsayin shaida, har yanzu ba ta kalle ni ba. Sannan Mma ta miƙo yatsa. Wannan karon ita ta danna da kanta, da ƙarfi, har tawadar ta fito ta bayan takardar.

Ina tattara kaya ta ce, "Saura nawa yanzu?" Na ce wata biyar, in Allah ya yarda. Ta ce, "Ni dai ba zan gan shi ba. Amma a kawo a ɗora mini a hannu in ji nauyinsa, a sa yatsana a kan sunan. Kada ki sake yi mini shekara uku, 'yar Kano, ba ni da su."

A tsakar gida surukar ta biyo ni da kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo, ta dire a gabana ta ce, "Ci. Ba don kai ba, don shi ne." Na cinye tas, shi ne abinci na farko da ya zauna mini tun Nima.

Kwana biyu muka ƙara muka juyo. Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba sai ruwan sama da ya raka mu daga Kumasi har Ankara, da yadda na sa takardar a leda uku na cusa a cikin rigata, duk shingen da aka tsaya sai na taɓa na ji tana nan. Mun iso Kano ranar Laraba da yamma, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura.

Kwamiti ya karɓi takardar bayan an kai ruwa rana a kan rubutun hannun nan, amma an ce tunda labarin ya canza sai na sake babi na huɗu daga tushe. Hoton na cire shi daga shafina, ko da yake na san cirewar ba ta dawo da komai ba. In kina da zanen nan a ɗakinki ban ce ki ƙona ba, ba ki da laifi, ni ke da shi. Ki dai san yana da mai shi. Sunanta ba zan rubuta a nan ba, waya ta riga ta ci rabonta, a littafi aka ce in sa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne duk shekarun nan lissafina ɓangare ɗaya nake yi. Ina ta auna kaina da na Malesiya da ta Ingila da ta Amurka, wa ya riga wa, ina jin tsoron wa'adin jami'a. Ban taɓa tuna cewa waɗanda suka ba ni maganarsu su ma shekarun suna tafiya a kansu ba. Daren da na dawo ban iya buɗe kundin ba, amma washegari da na idar da asuba na nemo shafin, na goge Z-14, na rubuta sunan yarinyar da na ubanta.

Yanzu saura wata huɗu. Kowace Juma'a bayan an sauko nakan kira surukar, kuma daga lokacin da wayar ta fara ƙara har ta ɗauka a tsaye nake, ina tsoron labarin da zan ji. Ba ta gaishe ni, sai dai in ji takunta tana tafiya ɗaki, in ji an ɗaga labule. Sai na ji muryar Mma ta ce, "'Yar Kano, saura nawa?" sannan nake iya zama.